Ba a fitar da mutum daga gasa da ƙuri'a

Tun daren Asabar maganar nan take cina, bari in faɗe ta a nan kowa ya ji.

A fadarmu ta Bukoki, nan Yamai, mukan yi gasar poka, wani wasan karta, duk ƙarshen wata. Kafin wani ya tambaya, ko dala ba ma zubawa. Jeton ne na roba, wanda ya ci shi ake fara miƙa wa shayi. Mu tara ne ranar. Da wasa ya yi nisa, zubin tilas, wato jeton da dole a zuba kafin a raba karta, ya hau, jeton masu 25 suka zama kaya, sai aka ce a kwashe su a maye gurbinsu da masu 100. Mai huɗu ya karɓi ɗaya, mai takwas biyu. Rigimar kullum a kan ragowar da ba ta cika huɗu ba take tashi.

Ƙuri'a ake yi a kan ragowar da karta, ga yadda ake yi: kowa ya ajiye ragowarsa a gabansa, mai rabo ya fara daga kujera ta farko, kowane jeton a ba shi karta guda a buɗe. Namu sha biyu ne, wato 300, masu 100 guda uku ke nan. Masu manyan karta su ɗauka, kuma ba mai cin fiye da ɗaya.

To akwai wani ƙanenmu mai kabu-kabu da jeton biyu tak suka rage masa, duk dukiyarsa 50. Aka buɗe masa 4 da 7, bai samu ba. Wani yayanmu ya ce, "Ƙane, tashi ka hura mana gawayi, taka ta ƙare." Yaron har ya fara ja da kujerarsa baya, bai ce uffan ba. Na riƙe masa hannu, na ɗauko mai 100 daga akwati na ajiye masa.

Yaya bai ji daɗi ba, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Shi 175 gare shi, ƙuri'ar ta cinye masa uku, ya dawo 100. Yaro mai 50 ya tashi da 100. Sun zama daidai alhali ba a buga hannu ko ɗaya ba. Na yarda da ciwo.

Amma ba son kai na yi ba. Ƙungiyar alƙalan gasar poka, TDA, wadda Matt Savage da Linda Johnson da Jan Fisher da David Lamb suka kafa a 2001, ta rubuta shi ƙarara: ba a fitar da ɗan wasa ta wannan ƙuri'a, wanda ya rasa na ƙarshensa a ba shi guda na mafi ƙanƙantar jeton da ya rage a wasa. Dalilin kuwa a fili yake. Canjin jeton aikin gyaran tebur ne, don sauƙin ƙirga muka ƙirƙiro shi. Yaron nan bai zaɓi shiga ba, bai duba karta ya ce na zuba ba. Yaya ya yi asarar 75 amma yana zaune. Yaron kuwa kujerar gaba ɗaya za a ƙwace masa, bayan awa uku yana lallaɓa ɗan abin da ke hannunsa.

Kada kuma a raina jeton guda. A 1982, a babbar gasar duniya ta Las Vegas, Jack Straus ya tura duk abin da ke gabansa ya faɗi, sai aka ga mai 500 guda ya ɓuya a wurinsa. Da yake bai furta cewa ya zuba duka ba, aka bar shi ya ci gaba, shi ne kuma ya lashe gasar.

Namu yaron bai kai can ba. Hannu na biyu ya zuba ɗarinsa da as da 9, aka cinye shi da sarki biyu. Ya miƙe da kansa, ya gaisa da kowa, ya je ya hura gawayin. Yaya, wata mai zuwa zan rubuto dokar a takarda mu karanta tare kafin a raba karta.