Rular roba da kundin digirina

Jiya Talata wani bawan Allah ya auna wahalar shekara uku da rular roba irin ta 'yan firamare, ya ce ba ta kai ba.

Ƙarfe tara na isa ofishin da ake duba tsarin kundi kafin a ba ka izinin kai shi ɗinki. Shi bai iso ba sai sha ɗaya da rabi, riƙe da ledar awara. Na miƙe na gaishe shi har da ɗan rusunawa. Bai amsa ba, hannu kawai ya miƙo. Kundin shafi 146 ne, lissafi tun daga fari har ƙarshe. Ko taken bai kalla ba. Ya buɗe tsakiya, ya jawo rula daga aljihun tebur, ya kwantar da ita a kan takarda kamar tela zai yanka shadda.

"Wa ya buga maka wannan?"

"Ni na yi da kaina, ranka ya daɗe. Da LaTeX."

"Da me?"

"LaTeX, manhajar da masu lissafi suke..."

"Malam, ban tambaye ka tarihi ba. Mu nan Word muka sani. Dabul aka ce, layukanka sun matse."

Na haɗiye abin da ya taso mini. Na ce yallaɓai dabul ɗin ne, akwai wani ɗan ƙunshin ƙari, fakej muke ce masa, sunansa setspace, shi ke buɗa tsakanin layuka. In harafi lamba 12 ne, yana sa tazarar ta zama 24, ninki biyu cif. Na Word ya ɗan fi faɗi saboda shi tsayin layin yake ninkawa. Na ce in wancan yake so, lamba ɗaya zan canja, ko minti ɗaya ba za a yi ba. Ya tsaya da taunar awara, ya dube ni sama da ƙasa.

"To Farfesa. Zo ka zauna a kujerar tawa mana."

Yarinyar da ke jiran layi a bayana ta sunkuyar da kai. Ni kuma, magidanci mai 'ya'ya uku, malamin sakandare na shekara goma sha ɗaya, na ce masa "Allah ya huci zuciyarka." Har yanzu in na tuna sai in ji kunyar kaina.

Bai gama ba. Ya ci gaba da buɗe shafuka da yatsa mai maiƙo har ya kai kan zane na huɗu a babi na uku. Ya ɗaga kundin yana nuna wa abokin aikinsa.

"Ka ga irinta ko? Su ciro hoto a intanet su manna. Ɗalibinmu ne zai zana wannan?"

Wannan ce ta tsaya mini a maƙogwaro. Zanen nan mako uku na yi a kansa da TikZ, fakej ɗin zane na LaTeX, kuma duk wanda ya taɓa TikZ ya san ba a jan layi da hannu. Rubutawa ake yi: ɗigo kaza a wuri kaza, kibiya ta tashi daga nan ta lanƙwasa ta sauka can. Ka manta alama ɗaya a ƙarshen layi, komai ya tsaya cak, allo ya cika da jan rubutu. Littafin bayanin da Bajamushen da ya ƙirƙire shi, Till Tantau, ya fara rubutawa ya haura shafi dubu, kuma a waya na riƙa karanta shi, a ɗakin malamai tsakanin darasi da darasi. Laifina dai aikin ya yi kyau. Da na kawo shi a karkace da ya yarda nawa ne.

Shi kam ina ruwansa da yadda aka yi manhajar ma ta hau kwamfutata. Cikakken TeX Live, wato tarin LaTeX da fakej ɗinsa, gigabait ne masu yawa, ya fi ƙarfin aljihuna, sai na ɗora takwaransa MiKTeX wanda ke ɗauko kowane fakej daga intanet lokacin da ka buƙace shi. Dabara ce mai kyau ga wanda yake ƙasar da sabis ba ya tafiya yawo. Ni sai ƙarfe ɗayan dare, in garaɓasar data ta buɗe, nake zama a tsakar gida sauro na cizo ina jiran fakej irin su geometry ko pgfplots su sauko. Ya kai rabi sabis ya ɗauke. Sabis ya dawo wuta ta tafi. Akwai daren da na kwana ina neman dalilin da xcolor ke rikici, ashe wani fakej ne ya riga ya kira shi da wasu sharuɗɗa dabam. Akwai ranar da na gano hyperref so yake a sa shi kusan ƙarshen jeri, bayan ya cinye mini Asabar da Lahadi.

Sai kuma shafin sadaukarwa. Sunan marigayi mahaifina da Ɗ mai lanƙwasa yake farawa, pdflatex kuwa, injin da ke mayar da rubutun ya zama PDF, ya ce bai san wannan harafi ba. Na gwada fakej ɗin tipa na masu nazarin furuci, na leƙa fc da Jörg Knappen ya yi domin harsunan Afirka, ƙarshe na kwashe kundin gaba ɗaya na koma wani injin, XeLaTeX, da fakej ɗin fontspec, don dai kada in rubuta sunan ubana da D irin ta Bature. A kan shafin nan ne mutumin ya dangwala maiƙon awararsa.

Hukuncinsa a taƙaice: in kawo kundin a Word, a filasha. Na ce ranka ya daɗe akwai lissafi sama da ɗari biyu a ciki, sake buga su aikin wata guda ne. Ya ce wannan kuma ni ta shafa. Sannan ya sassauta murya, karo na farko tun safe, ya ce akwai wani yaro mai shago a bayan masallaci, ya iya mayarwa, in ce shi ya turo ni. Ashe nan gizo yake saƙar.

Amma in don Allah za a faɗa, shi ɗin ƙaramin alhaki ne. Wa ya ajiye shi a nan da rula da takardar ƙa'ida wadda aka yi ta kwafa har rubutun ya dushe? Donald Knuth ya fitar da TeX, manhajar tsara rubutu da lissafi, tun 1978 saboda ya ga an ɓata tsarin bugun littafinsa. Leslie Lamport ya gina LaTeX a kansa a shekarun 1980. Rumbun CTAN yana ɗauke da fakej sama da 6,000, duk kyauta, ko sisi ba a biya. Jami'o'i da yawa a duniya suna da samfurin kundi nasu na LaTeX, ɗalibi ya sauke ya zuba aikinsa, gefe da tazara su daidaita da kansu. Mu a nan ɗalibi biyu na sashen kwamfuta za su iya haɗa irinsa kafin hutu ya ƙare. Ba wanda ya sa su, domin ba kwangila a ciki, ba kwamitin da za a raba alawus.

Kullum a rediyo sai ka ji manya suna tattalin arzikin dijital kaza, matasa su rungumi fasaha kaza. To mun runguma. Abin da muka gani shi ne yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022, da ƙarin kashi 50 cikin ɗari da aka amince a yi wa kuɗin kira da data a Janairun 2025, da wutar da in ta zo yara ke ihu kamar an ga watan Sallah. 'Ya'yan manyan nan suna can jami'o'in Ingila, inda ba mai ɗora musu rula. Mu kuma talakawa da aka bari a nan, kowa ya samu 'yar kujera sai ya mayar da ita gadon sarauta, ya huce haushin albashinsa a kan na ƙasa da shi, na bayanka a layi kuma addu'a yake a kore ka ya matsa gaba.

Yau da safe na je wurin yaron bayan masallacin. Ya buɗe kundin a kwamfutarsa, ya yi shiru, ya ce lissafin dai sai dai ya ɗauke su hoto ɗaya bayan ɗaya ya manna. Naira dubu talatin da biyar, ban da kuɗin man janareta.