Ƙannena 'yan maikirobayoloji, ku san ofishin kodineta tun kafin aji huɗu

Assalamu alaikum ƙannena 'yan maikirobayoloji, musamman ku da kuka shigo bana da 'yan aji biyu. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai sai na faɗe ta.

Kusan duk shekara sai an samu ɗalibin da ya gama furojet, ya kare shi gaban malamai, abokai sun cika masa farar riga da sa hannu, an yi hotuna an kai gida, har Mama ta raba wa maƙwabta abincin sadaka, sai kuma a kafe sunayen waɗanda suka kammala a ga babu nasa. In ya je bincike a ce masa akwai wani kwas na aji ɗaya ko aji biyu da ya faɗi bai koma ya sake ba, ko ma bai taɓa yin rijistarsa ba sam. Kwas mai yunit biyu kacal, amma shi zai zaunar da kai shekara guda cur, abokanka suna sansanin bautar ƙasa kai kana biyan sabon kuɗin makaranta. Kuma wallahi yawancin masu faɗawa wannan ramin ba daƙiƙai ba ne, wasunsu ma su ne ke koya wa 'yan aji karatu. Abin da ya kayar da su shi ne ba su taɓa zama da malamin da aka ɗora wa alhakin ajinsu ba, wanda muke ce wa kodineta, wasu makarantun su ce adbaiza. Iyakacin hulɗarsu da shi su miƙa fom ya sa hannu su yi gaba.

Wa kuke tambaya to? Guruf ɗin WhatsApp na aji, da wani siniya da ya gama shekara uku da suka wuce, da mai shagon intanet da ke cike muku fom a bakin get. Mai shagon nan neman abincinsa yake, abin da ya cike wa na gabanka shi zai cike maka, bai san kana da kariyoba ba, wato kwas ɗin da ka faɗi dole ka sake, bai san ta DE ka shigo ba, wato aji biyu kai tsaye.

Shi siniya kuma ko da zuciya ɗaya ya ba ka shawara, mai yiwuwa tsarin da ya yi karatu a kai ba shi ne naka ba. A watan Disamba na 2022 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja da ake kira CCMAS wadda ta maye gurbin BMAS. A sabon tsarin hukumar ce ke tsara kashi 70 na kwasa-kwasan, kowace jami'a ta cike sauran kashi 30 da nata. Ma'ana abin da ɗan BUK ke yi ba lallai ya zo ɗaya da na ɗan ABU ko ɗan Ɗanfodiyo ba, kuma ko a makaranta ɗaya lambobin kwas sun canza, wasu an haɗe su, wasu an cire. Mafi ƙarancin yunit da za ka ci kafin a ba ka digiri na shekara huɗu 120 ne, wanda ya shigo aji biyu kai tsaye kuma 90. Na ce mafi ƙaranci, sashenku na iya neman fiye da haka. Kuma ba cika adadin ne kaɗai ba, kana iya tara yunit 130 amma in kwas ɗaya na dole ya rage, ba ka gama ba. Duk wannan yana rubuce a ɗan littafin ɗalibai na sashenku, handbuk ɗin nan da aka raba muku ranar oriyanteshan kuka jefa ƙasan akwati. Ku ɗauko shi, na shekarar da kuka shigo, ba na wani ba.

Yanzu bari in taɓo inda ya fi zafi. Na san da yawanku ba maikiro kuka nema ba. Likitanci kuka cike a JAMB, ko famasi ko aikin jinya, makinku bai kai ba aka turo ku nan. Sai mutum ya yi aji ɗaya gaba ɗaya yana fushi, ba ya zuwa lakca, yana cewa ai shi zai sake rubuta JAMB ko zai canza sashe. Ɗan uwa, ko canjin sashen ma da sakamako mai kyau ake yinsa, babu sashen likitancin da zai ɗauki mai faɗuwa a kemistiri na aji ɗaya. In kuma canjin bai yiwu ba, wanda shi ya fi faruwa, ka riga ka haƙa wa kanka ramin da za ka shekara uku kana cikewa.

Ga lissafin ku gani da idonku. A tsarin maki biyar, 70 zuwa sama A ce mai maki 5, daga 60 B mai 4, daga 50 C mai 3, daga 45 D mai 2, daga 40 E mai 1, ƙasa da haka F babu ko ɗaya. Ana ninka makin da yunit ɗin kwas, a tara, a raba da jimlar yunit da ka yi rijista. Ɗauki ɗalibai biyu, kowa ya yi rijistar kwas shida masu yunit uku-uku, yunit 18 kenan. Na farko ya ci B a duka, yana da 72, a raba da 18 ya tashi da 4.00. Na biyu ya ci B a biyar ya faɗi ɗaya, yana da 60, a raba da 18 ɗin dai, ya tashi da 3.33. F guda ɗaya ta sauko da shi daga layin 2:1 da ke farawa daga 3.50 zuwa layin 2:2 da ke farawa daga 2.40. Digiri mai daraja ta ɗaya kuwa sai daga 4.50. Kuma CGPA, wato wannan lissafin na duk samistocin da ka yi a haɗe, tana da sauƙin motsawa ne a aji ɗaya da biyu lokacin yunit ɗin ba su taru ba, in ka kai aji huɗu ko duka A ka kwasa kaɗan za ta ɗaga. Saboda haka wanda ke cewa bari sai aji uku zan dage, yana ruɗin kansa ne. Kwasa-kwasan GST ma da kuke rainawa, Turanci da tarihin al'ummun Najeriya da koyon sana'a, duk na dole ne, makinsu kuma cikin lissafin nan yake shiga.

Maganar kariyoba. Faɗuwa ba abin kunya ba ne, ɓoye ta ne matsala. Ƙa'ida a yawancin makarantu ita ce ka fara saka kwas ɗin da ka faɗi kafin ka ɗora sababbi, kuma akwai iyakar yunit da za ka ɗauka a samista, galibi tsakanin 15 da 24. In kariyoba ta ci maka wuri dole wani sabon kwas ya jira, to wanne zai jira? Nan ne amfanin kodineta, domin akwai kwasa-kwasan da suke matakala, ba a bari ka hau na gaba sai ka ci na baya. In ka ajiye janar maikirobayoloji na aji biyu ko bayokemistiri ba ka ci ba, suna iya toshe maka hanyar na aji uku, kwas ɗaya ya riƙe maka uku. Kodineta ne ya san wanne ake yi a samista ta ɗaya kawai, wanne zai yi karo da wani a jadawalin jarabawa. Sannan akwai wa'adi, a yawancin jami'o'inmu digirin shekara huɗu ba ya wuce shekara shida, in ka zarce sallama ce. Akwai kuma makin da in CGPA ta faɗo ƙasa da shi za a saka ka a matakin gargaɗi, in ba ka gyara ba a ce ka bar kwas ɗin, ku duba adadin a handbuk ɗinku tun yau.

Ni abin da ya fi ba ni takaici shi ne wasa da firatikal. Na san halin da ɗakunan gwajinmu ke ciki, mutum goma kan madubin ƙwayoyin cuta ɗaya, wuta ta ɗauke ana tsaka da aiki. Amma duk da haka kar ka zama mai tsayawa a baya yana jiran ya kwafi rahoto. Matsa gaba ka riƙe wayar ɗiban nan da hannunka, ka ƙona ta a wuta har ta yi ja, ka bari ta huce, ka ja layi a kan faranti ba tare da ka yage aga ɗin ba, wato daskararren abincin da ƙwayoyin ke girma a kai. Ka yi rinin Gram da kanka, ka zuba shuɗin farko, ka bi da aidin, ka wanke da alkohol na 'yan daƙiƙu, ka rufe da safranin, ka leƙa ka ga wasu sun riƙe shunayya wasu sun koma ja-ja, kuma ka gane cewa in ka daɗe wajen wankewar nan duk za su fito ja ka rubuta ƙarya. Ka san dalilin da ya sa ake dafa kayan aiki a otokilef, tukunyar tururin kashe ƙwayoyin cuta, a zafin digiri 121 na minti 15, da dalilin kifa faranti a inkubeta. Wanda ya gama maikiro bai iya waɗannan ba, takarda kawai ya fita da ita, kuma ranar intabiyu ba ta ɓoyuwa.

Haka SIWES, wato fita koyon aiki a ma'aikatu, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta ƙirƙiro tun 1973. Kwas ne mai yunit da maki, ba hutu ba. Galibi a aji uku ake tafiya, kuma a wasu sassan yawan kariyoba na iya hana ka fita tare da 'yan ajinku. Kar ka nemi inda za a buga maka hatimi a logbuk kana kwance a gida. Nemi ɗakin gwajin asibiti, ko hukumar ruwa, ko kamfanin abinci da lemo, ko NAFDAC, ko cibiyar binciken dabbobi ta Vom in da hali, ka riƙa cike logbuk kullum da abin da hannunka ya taɓa. Sau tari daga nan ake samo batun furojet mai ma'ana, kuma batutuwa ga su nan a ƙofar gidanku, ruwan leda da na rijiya, fura da nono, kunun zaƙi, zoɓo, tsiren bakin titi, daddawa da ƙwayoyin Bacillus ke nunar da ita. Ka yi aikinka da hannunka ko da ƙarami ne, kar ka sayi na wani, malaman da za su yi maka tambaya sun ga irinsa ba adadi.

Wata gaskiya kuma da ya kamata a faɗa muku tun yanzu ba sai kun gama ba. Digirin maikirobayoloji daban, na kimiyyar gwaje-gwajen asibiti daban. Na gwaje-gwajen asibitin shekara biyar ne, kuma hukumarsu ta MLSCN ce ke ba su lasisin aiki a kan samfurin marasa lafiya. Digirinku shi kaɗai ba ya ba ku wannan lasisin. Ban faɗa don in karya muku gwiwa ba, akwai aiki a kula da ingancin abinci da magani da ruwa, da lafiyar al'umma, da muhalli, da bincike, da koyarwa. Na faɗa ne don ku zaɓi kwasa-kwasan zaɓi da wurin SIWES da furojet da sanin inda kuka dosa, kuma wannan hira ce da ta dace ku yi da kodineta tun a aji biyu.

In za ku je wajensa ku je da ladabi kuma da shiri. Malam ne mai lakca da makin takardu da nasa iyalin, ga ɗalibai ɗari ko fiye a wuyansa, kar ka kira shi ƙarfe sha ɗaya na dare, kar ka bari sai ranar da za a rufe fotal. Je a makon farko na rijista a lokacin ofis, ka yi sallama ka gaishe shi, ka ce Malam ga sakamakona ga fom ɗina, don Allah a duba mini ko akwai abin da na bari. Ƙannena mata, in kin fi sakewa ki tafi da ƙawarki, babu laifi ko kaɗan. Shi ma mutum ne yana iya kuskure, shi ya sa nake so ku je da taku takardar, ku jera duk kwasa-kwasan dole daga aji ɗaya zuwa huɗu, duk wanda kuka ci ku sa masa alama da makinsa.

Ku adana kowane fom na rijista da aka sa wa hannu, da rasit, da katin jarabawa, ku ɗauki hotonsu ku tura imel ɗinku. Ranar da sakamakon wani kwas ya fito babu naka alhali ka rubuta, waɗannan ne shaidarka, kuma a samistar nan za ka rubuta takarda zuwa ga jami'in jarabawa ta hannun kodineta, ba bayan shekara biyu lokacin da malamin ya tafi ƙaro karatu ba. Ka duba sunanka da ranar haihuwarka sun zo ɗaya a WAEC ko NECO da JAMB da fotal ɗin makaranta, ka tabbatar sunanka na cikin jerin ɗaliban da JAMB ta amince da shigarsu, domin hukumar bautar ƙasa, NYSC, na duba wannan jerin kafin ta kira mutum. In kuma rashin lafiya ko haihuwa ko rashin kuɗi zai hana ka zaman jarabawa, kar ka ɓace shiru a cika maka F, rubuta takardar neman ɗage karatu ta hannun shugaban sashe kafin jarabawar, ka haɗa da takardar asibiti in lalurar ta lafiya ce, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.