Jarin mace a gida yake zurarewa

Da zarar sana'ar mace ta durƙushe, sai a ce ba ta iya juya kuɗi ba. Ban yarda ba. A fara tambaya tukuna: kuɗin ma ya shiga sana'ar kuwa?

A Siri Lanka an raba wa masu ƙananan sana'o'i tallafin dala 100 ko 200. Ribar maza ta ƙaru, ta mata ko motsi ba ta yi ba. A 2019 wasu masana suka sake duba alƙaluman, suka haɗa da na Indiya da Ghana, sai ga bakin zaren: gidan da miji ma yake da sana'a, sau da yawa jarin matar can yake komawa. Inda ita kaɗai ce mai sana'a, ribarta tashi take yi.

Ba ƙwace ake yi ba, shi ya sa abin yake da wuyar magani. Kuɗin makaranta ne, da maganin yaro, da ƙanin da ya ɗauki kaya bashi ba a rubuta ba. Kowanne yana da hujja, ita kuma kunya ta hana ta cewa babu. Wata shida, uwar kuɗi ta tafi.

A Yuganda an gwada tura wa mata masu sana'a kuɗin rance ta asusun waya maimakon a damƙa musu a hannu. Bayan wata 8 ribarsu ta ɗara ta sauran da kusan kashi 15 cikin ɗari, kuma waɗanda dangi suka fi matsa wa su suka fi amfana. Kuɗin da ido bai gani ba, ba a cika roƙonsa ba.

Saboda haka ranar da jari ya shigo a mayar da shi kaya, kada ya kwana. Asusun sana'a daban, na cefane daban. Ta yanka wa kanta albashin mako, daga ciki take taimakon dangi, in ya ƙare ya ƙare. In maigida zai karɓa, a faɗa tun farko: rance ne ko hannun jari, yaushe za a biya, a rubuta.

Doka ma tana da hannu. Sai a 2016 Dimokuraɗiyyar Kwango ta bai wa matar aure damar sa hannu a yarjejeniya da buɗe asusun banki ba tare da izinin miji ba. Amma dokar ba za ta riƙe mata yaro ba ranar da za ta je saro kaya.