Ƙarin girma ba ƙarin aiki

Zancen yawan ƙarin girma ga ma'aikata da ɓarnar kuɗin gwamnati a Nijar wallahi ya taɓa ni. Nan Maradi muna gani da idonmu, mutum shekara biyu da hwara aiki sai ka ji ya zama direkta, an ba shi kat-kat da bon na esansi, ran Lahadi kuma motar leta ce ke kai uwargida kasuwa ko biki Tibiri. Shi ko malamin lakwal ɗan kwantaragi da ya shekara goma a ƙauye cikin aji na zana, har yau yana jiran matirkil, wato lambar zama cikakken ma'aikacin gwamnati.

Ni kaina na tahi wani buro neman sa hannu kan takarda guda, sau huɗu ina zuwa, kullum "patoro yana misiyo", kilim na ta aiki cikin ofishin da ba kowa, kuɗin kabu-kabu kawai na kashe jika biyu.

Batun hisabi kuma, an kafa HALCIA, hukumar yaƙi da cin hanci, tun 2011, sojoji da suka zo 2023 suka kafa COLDEFF, hukumar yaƙi da masu ɓarnar dukiyar ƙasa, to madalla an ce ana karɓo kuɗi, amma mu talakawa sunaye muke son ji da hukunci. Binciken ma'aikatar tsaro na 2020 da aka yi ta zancen salwantar sefa miliyar 76 wajen sayen kayan soja, wa aka ɗaure? Ɓarawon akuya kam gobe-gobe yana gidan kaso, mai miliyar sai a canza mishi buro, wani lokaci ma da ƙarin girma.