Latsa gilashi ba koyo a aikace ba ne

Abin da ake yayi yanzu shi ne makaranta ta jera yara gaban kwamfutocin hannu, ta ce ɗalibanta suna "koyo a aikace". Yaro ya ja hoton batir da yatsa, ya kai shi kusa da hoton ƙwan lantarki, gilashin ya yi haske, na'urar ta tafa masa. Wai an gama darasin kimiyya ke nan. Abin haushin ma, iyaye har murna suke yi.

A miƙa wa yaron nan batir na gaske da waya da ƙwai, a koma gefe. Zai haɗa, ƙwai ya ƙi kamawa. Sai ya duba ya tarar bai fere robar bakin wayar ba, ko wayar ba ta zauna a kan batir ba, ko batirin ne ma ya mutu. Zai yi musu da na kusa da shi, ya kwance, ya sake ɗaurawa. A cikin wannan faman ne yake gane cewa wuta ba ta gudana sai hanyarta ta zagayo ba inda ta yanke. Wanda ya tsara manhaja kuwa ya riga ya share duk abin da zai iya ƙin aiki, ya bar wa yaro latsawa kawai.

Ranar karatu ta ƙwarai ba ta buƙatar abin a zo a gani. Da safe, a darasin lissafi, a ba kowane rukuni tef su auna tsawon ajinsu da faɗinsa. Amsoshin za su saɓa, kuma nan darasin yake: wa ya bar tef ya lanƙwashe, wa ya fara ƙirga daga ɗaya maimakon sifili? Kafin rana ta take tsaka a kafa sanda a fili, ana sa alama a bakin inuwarta lokaci-lokaci har a ga inda ta fi gajarta. Da inuwa irin wannan masanin Girka Eratosthenes ya ƙiyasta kewayen duniya daga Iskandariya, fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Da aka dawo aji, malamin harshe ya sa su rubuta abin da suka gani. Yaron da kullum yake cewa bai san me zai rubuta ba, yau sai an karɓe takarda daga hannunsa.

Babu sabon abu a nan. A 1896 masanin ilimi ɗan Amurka John Dewey ya buɗe makarantarsa ta gwaji a Jami'ar Shikago, inda yara ke koyon awo da tarihi ta hanyar kafinta da saƙa. A 1907 masaniyar ilimi 'yar Italiya Maria Montessori ta fara tata a wata unguwar talakawa a birnin Rum, da kayan da yaro zai riƙe ya jujjuya.

Masu cewa zamani ya wuce wannan su je su tambayi Suwidin, wadda ta yi nisa wajen cusa na'urori a azuzuwa, sannan a 2023 gwamnatinta ta juya tana zuba kuɗi a littattafan takarda. A shekarar ce kuma rahoton UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kan fasaha a ilimi ya nuna cewa ingantattun hujjojin amfanin waɗannan na'urori ba su taka kara sun karya ba, kuma da yawansu daga wurin masu sayar da kayan suke fitowa. Masu kukan tsada kuma ban san wane batir ne ya fi kwamfuta kuɗi ba.

Tabbas aikin hannu ba tare da malamin da zai tsaya ya yi bayani ba wasa ne kawai. To, a horar da malamin mana! Kasafin da ake ƙonawa kan na'urorin da za su lalace cikin 'yan shekaru a karkatar da shi can. A kuma gyara jadawali, a riƙa haɗa darasi biyu a jere, don minti arba'in ba ya isa a raba kaya, a gwada, a kasa, a sake, sannan a share tebur.