Nas ɗin ma su koyi magana da mutane

Horon da wani labari da na gani ya ce za a ba nas-nas don su riƙa lallashin masu ciwon suga su gyara cin abinci, wallahi mu nan Garwa muna so. Baabata shekara biyar tana shan metformin, maganin ciwon suga, duk zuwa asibiti sai a soki yatsa a ce suga ya hau, a yi mata faɗa kamar yarinya, daina tuwo daina shayi, to ta ci me? Ranar da wata nas ta zauna ta ce Hajiya rage malmala ki ƙara miyar zogale, shayi kuma ƙwayar sukari ɗaya maimakon huɗu, shi ne ta ji. Amma nas ɗaya, layi har bakin ƙofa, yaushe za ta zauna hira?