Masu haɗa netwok a Gusau, ku ji tsoron Allah mana

Wallahi abin nan ya ishe ni. Wasu masu kiran kansu injiniya a garin nan sun maida mu masu shagon buga takardu saniyar tatsa, kuma duk a kan matsala guda tal, wai kwamfuta ta daina gane sunan 'yar uwarta.

Babbar kwamfutar shagona, wadda ke riƙe da aikin kwastomomi da firinta, sunanta OGA-PC. Da an ɗauke wuta mun tada janareto rauta, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin shagon da juna, ta sake tashi, sai ka ji yarona ya ce "Oga, ba ta ganin babbar." A rubuta sunan a wata kwamfutar ta ce ba ta san shi ba, amma a nemo lambar IP ɗin babbar, wato adireshinta a netwok, a yi ping, wato a taɓo ta a ji ko tana nan, nan take ta amsa. Ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau sun cika benci da furojet kowa na sauri, wasu su tashi su wuce shagon gaba ina ji ina gani.

Na kira wanda ya haɗa mana. Ya zo ya zauna ya kare allon da jikinsa, ya ɗan danne-danne, ya ce "Alhaji an gama", ya karɓi kuɗinsa. Wuta ta sake tafiya, matsala ta dawo, har ta fi ta da. Na tambaye shi dalili ya ce bairos ne. Bairos ɗin me, don Allah?

Sai da ƙanen matata da ya karanta kwamfuta a Poli ta Ƙauran Namoda ya duba, sannan asiri ya tonu. Akwai wani ɗan fayil mai suna hosts a C:\Windows\System32\drivers\etc, a nan ake rubuta suna da lambarsa, kuma kwamfuta shi take fara dubawa kafin ta tambayi DNS, wato tsarin da ke maida suna zuwa lamba. Mutumin nan ya rubuta 192.168.1.5 a gaban OGA-PC ya tafi abinsa, alhali rauta ce ke raba lambobin nan da kanta ta tsarin da ake kira DHCP, kuma irin ƙananan rautocinmu idan suka mutu suka taso suna iya ba kowa wata lamba daban, har wayar kwastoma ma ta iya ɗauke 5 ɗin. Ka ga kenan sunan yana nan yana nuna gidan da maigidan ya tashi. Injiniyan ya san da haka? Ya sani sarai, aikinsa ne fa. So yake kullum a kira shi.

Gyaran kuwa bai taka kara ya karya ba. A shiga rauta a ɗaure wa babbar kwamfuta lamba ɗaya da adireshin MAC ɗinta, wato lambar shaidar katin netwok ɗinta, a buɗe manhajar rubutu ta Notepad da izinin admin, wato cikakken iko a kan kwamfutar, a gyara hosts, a kula kar ya ajiye shi da sunan hosts.txt don kwamfuta ba za ta ko kalle shi ba, sai a buga ipconfig /flushdns a share tsohon abin da ta haddace. Ƙanen matar tawa ya kuma gano biyu daga kwamfutocin saitin netwok ɗinsu yana kan Public, na bainar jama'a, maimakon Private, na cikin gida, shi ya sa ba sa bayyana ga sauran. Ya ƙara gargaɗina kar sunan kwamfuta ya wuce harafi 15, saboda NetBIOS, tsohon tsarin da kwamfutocin Windows ke gane juna da suna, iyakarsa kenan.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne faswod. Rauta tawa, da gumina na saya, amma mutumin nan ya canza faswod ɗin shiga ya riƙe. Na kira shi da lalama, "Malam, don Allah ba ni faswod ɗina", ya ce sirrin aiki ne, sai dai ya zo da kansa kuma da kuɗin mashin. Dole muka sa allura a ramin bayan rautar muka maida ita yadda ta fito daga kamfani, muka sake haɗa kwamfutoci da firinta ɗaya bayan ɗaya, shago a rufe ranar Litinin da rana tsaka, masu fom na ta ƙwanƙwasa ƙofa.